Sassarfa a Maiduguri: Wanne ne Gaskiya, Wanne ne Jita-jita?

Duk wanda ya fara fita sassarfa da safe a Maiduguri, kafin ya rufa mako biyu zai sha nasiha. Wani ya ce gwiwarsa za ta ƙare, wani ya ce kada ya kuskura ya sha ruwan sanyi in ya dawo, mace kuwa a ce mata mahaifa za ta sauka. Masu faɗin haka ƙauna ce ta sa su. Sai dai yawancin abin da ake tsoratar da mutane da shi ba shi da tushe, abin da kuma yake iya kwantar da mutum a asibiti a garin nan shi ne ake yi wa kallon jarumtaka.

Maganar gwiwa ta fi kowacce yawo. A 2017 masana sun tattara bincike da aka yi kan mutane sama da 100,000, suka duba ciwon zaizayar gaɓa a gwiwa da ƙugu. Cikin masu gudu don lafiya kawai, kashi 3.5 cikin ɗari ne suke da ciwon. Cikin masu zaman wuri ɗaya, kashi 10.2. Waɗanda suka zarce su ne 'yan tseren gasa da suka shafe shekaru suna gudu mai tsanani, da kashi 13.3. Guringuntsin gwiwa yana son motsi, kuma naman cinya in ya yi ƙarfi shi yake ɗauke wa gwiwa kaya. Inda maganar take da ƙamshin gaskiya shi ne mai ƙiba ko wanda ya daɗe bai motsa ba, ya tashi rana ɗaya ya kama gudu a kwalta kullum ba hutu. Shi kam gwiwa da ƙwauri za su yi masa ciwo, amma gaggawarsa ce ta jawo.

Yanzu ga wadda take damuna. Za ka ga saurayi a gefen hanyar Bama ko wajen filin wasa na El-Kanemi, rana ta take, ya sa rigar leda ko rigar ruwa a ƙarƙashin jesi, ya ɗaure ciki tamau, zufa tana ɗiga daga gwiwar hannunsa, wai yana narkar da tumbi. In ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya ya tafi, sai ya ƙara yarda. Abin da ya tafi ruwa ne. Lita ɗaya ta zufa nauyinta kusan kilo ɗaya, kuma da ya sha ruwa nauyin zai dawo. Kitse ba ya fita ta fata, ba kuma a zaɓar masa wurin da zai ragu. Yana raguwa ne a jiki gaba ɗaya, sannu a hankali, in abin da mutum yake ƙonawa ya fi abin da yake ci.

Ita zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe a iska. Leda tana hana ta bushewa, zafi ya taru a ciki. A garin da zafi yake haura maki 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan wasa da rai ne. In zafin cikin jiki ya wuce 40, mutum yana fara ruɗewa, ya yi tangaɗi, ya yi magana ba kan gado, ya faɗi. Naman jiki yana iya lalacewa ya zuba cikin jini, fitsari ya koma kalar shayi ba madara, ƙoda ta tsaya. Mutanen Borno da Yobe ba sai an gaya musu mene ne ciwon ƙoda ba; da yawa sun raka ɗan'uwa wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Ƙari a kan haka, wasu suna tsayawa a kemis su sayi diclofenac ko ibuprofen su haɗiya kafin gudu don kada jiki ya yi tsami. Waɗannan magunguna suna rage jinin da yake zuwa ƙoda, a daidai lokacin da zafi da ƙishirwa suka riga suka rage shi. In ka ga mai gudu ya faɗi yana sambatu, ka kai shi inuwa, ka tuɓe masa kayan nauyi, ka kwarara masa ruwan sanyi kana yi masa fifita, a nemi Keke Napep zuwa asibiti. Sanyayawar ita ce ta farko, kada a jira.

Wannan ya amsa maganar ruwan sanyi. Ba ya tsayar da zuciya, ba ya sa ciwon sanyi, yana ma taimaka wa jiki ya huce. Wanda ya kwankwaɗe shi lokaci ɗaya cikinsa yana iya murɗawa, shi ke nan. A sha kaɗan-kaɗan.

Ana kuma cewa gudu yana kashe mutum farat ɗaya. Yakan faru, ba a musu. Jim Fixx, Ba'amurken da littafinsa na 1977 ya sa dubban mutane fara gudu, ya faɗi ya mutu yana sassarfa a 1984 yana ɗan shekara 52, aka tarar jijiyoyin zuciyarsa sun toshe, kuma mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya kashe shi yana ɗan shekara 43. Amma a tseren dogon zango na Amurka tsakanin 2000 da 2010, cikin mutum miliyan 10.9 da suka shiga, 59 ne zuciyarsu ta tsaya. Wani bincike na 2014 da ya bi mutane sama da 55,000 na kimanin shekara 15 ya gano haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya ya ragu da kashi 45 cikin ɗari ga masu gudu, har da masu yin minti biyar zuwa goma a rana. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, da wanda ƙirjinsa yake ciwo in ya hau bene, su ga likita kafin su fara. Wanda ya haura shekara arba'in ya auna jininsa.

Batun mata kuwa, gudu ba ya saukar da mahaifa, ba ya hana haihuwa. Abin da yake faruwa shi ne mace in ta haɗa atisaye mai tsanani da ƙin cin abinci, al'adarta tana iya ɗaukewa, maganinsa kuma ta ci ta ƙoshi ta rage wahala. Masu ganin abin kunya ne su tuna Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, daga baya ya wuce ta. Sifan Hassan da ta ci tseren marato na mata a gasar Olamfik ta Faris a 2024 da hijabinta ta karɓi zinare. Matsalar 'yan'uwanmu mata a Maiduguri ita ce wurin da za su yi gudu ba a zuba musu ido ba, kuma makarantu masu fili da katanga za su iya buɗe musu ƙofa da safe.

Ƙurar hunturu gaskiya ce: ranar da hazo ya rufe gari, mai asma ya haƙura. Mai azumi ya bari sai dab da buɗa baki ya yi kaɗan, ko bayan tarawihi. Takalmi kuma ba sai mai tsada ba, kambas ɗin gwanjo na kasuwar Monday Market ya isa in bai matse yatsu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu. Hanyar da ta fi riƙe sabon shiga ita ce gudu minti ɗaya, tafiya minti ɗaya da rabi, a maimaita har minti 20, sau uku a mako, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan; cikin mako tara da yawa suna kai rabin awa ba tsayawa. In ba ka iya yi wa abokin gudunka magana, to saurinka ya yi yawa. Ka fita bayan asuba in gari ya waye, ku biyu ko uku, a hanyar da aka san ku, da riga mara nauyi da ruwa a hannu. In kuma ka haɗu da yaro sanye da leda cikin rana, don Allah ka tsayar da shi ka gaya masa abin da take yi wa ƙodarsa.