«Dango»: waƙar Sa'adu Bori da makaɗan da suka tallafe ta

Masu karatu, duk wanda ya riƙe akwatin radiyo a jahar Maraɗi cikin shekarun 1990 ya san muryar marigayi Sa'adu Bori. Daga Gidan Sori zuwa Gazawa, a tasha ko a dandalin biki, in aka sa «Dango» ba a tambayar ko wane ne ke waƙa. A ganinmu ba a yi wata waƙar zamani a ƙasar nan da ta fi ta nuna abin da gitar lantarki za ta iya yi wa kiɗan gargajiya ba.

Wannan haɗi yana da tarihi a ƙasashen waje. A Amurka, cikin 1965, mawaƙi Bob Dylan ya hau dandalin bikin Newport da gitar lantarki, alhali jama'a sun saba jin sa da gitar katako. Wasu daga cikin masu kallo suka yi masa ihu, suna ganin ya ɓata gado. A Ingila kuwa, ƙungiyar Fairport Convention ta ɗauko tsofaffin waƙoƙin ƙauye ta ɗora su bisa ganguna da gita a 1969. Sa'adu ya bi irin wannan hanya, amma rijiyar da ya ɗebi ruwa tana bakin ƙofarsa.

Rijiyar nan ita ce kiɗan bori. Katsinawan da suka kafa Maraɗi da Gobirawan da suka kafa Tibiri bayan jihadi sun zo da wannan al'ada, har da sarautar mace mai kula da ita: Iya a Maraɗi, Inna a Tibiri. Mutanen gundumar Gidan Runji ba sa bukatar bayani a nan. Mai goge ko mai garaya yana riƙe da gajeren taki guda, yana maimaita shi ba gajiya, mata suna dukan ƙwarya, mai waƙa yana jera kirari, ƴan amshi suna karɓa. Daɗin abin yana cikin maimaicin, domin da shi ne kiɗan ke yin zafi sannu a hankali har ya kama jikin mai saurare.

To, a saurari «Dango» da kunnen basira. Makaɗan ba su kori wannan tsari ba. Aikin da goge ke yi, gita ta ɗauka. Aikin ƙwarya ya koma hannun mai ganguna. Babbar gita mai kaurin murya kuma tana daga ƙasa tana riƙe da taki kamar turke. Babu wanda ya yi ƙoƙarin nuna gwaninta don ya danne ɗan'uwansa, kuma wannan ladabi yana da wuyar samu wurin masu gita. Sa'an nan muryar Sa'adu ta hau bisa, da Hausar Maraɗi tsantsa, bai sassauta ta don kunnen baƙi ba. Shi ya sa tsohuwar da ba ta taɓa shiga gidan rawa ba take gane waƙar, ɗan lakwal kuma yana taka ta.

Ba a banza irin waɗannan makaɗa suka fito ba. Bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram cikin 1976, ya saba wa samarin kowace jaha da yin gasa da harshensu. A 1987 aka buɗe gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin Tawa. Daga baya cibiyar koyon kiɗa ta Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Alhaji Taya, ta tara mawaƙa wuri guda. A nan ne ƙungiyar Takeda ta haɗa Sa'adu da Musa Pusi, da Fati Mariko, da Adams Junior, da Yakuba Mumuni, wanda ya zo ya kafa Mamar Kassey a 1995. Ibrahima Silla, mutumin Senegal da ya fitar da manyan mawaƙan Afirka da dama, ya zo Yamai ya zaɓi biyu: Sa'adu da Musa Pusi. Faifansu na haɗin gwiwa, «Niamey Twice», ya fito a 1994 a kamfanin Stern's na birnin Landan, kuma «Dango» tana ciki tare da «Badossa».

Ba kowa ne ya yi murna ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Akwai malamai da ke ganin duk abin da ya shafi bori abin gudu ne, ko da ya zo cikin faifai. Akwai kuma ƴan bori da kansu da ke ganin kiɗan da ake yi don neman lafiyar majinyaci bai dace da dandalin rawa ba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Mu dai abin da muka lura shi ne, yaran da aka haifa cikin gari, waɗanda ba su taɓa ganin mai goge a bakin aiki ba, ta bakin Sa'adu suka fara jin wannan taki.

Sa'adu Bori ya rasu a 2008 cikin haɗarin mota. Allah ya jiƙansa. Yawancin waƙoƙinsa bisa kaset suka yaɗu, kaset kuwa ba ta jure zafi da ƙura. Abin da ke yawo cikin wayoyin salula sau da yawa kwafi ne na kwafi, babu sunan mai gita, babu sunan mai ganguna. Muna kira ga ma'aikatan al'adu na jahar Maraɗi da na gidan radiyon Muryar Sahel da su nemi asalin waɗannan faya-fayai su adana, su kuma je wurin makaɗan da suka yi aiki da shi waɗanda ke raye, su rubuta sunan kowa da abin da ya kaɗa.