Daga gona zuwa kwalta: yadda kaya da mutane ke tafiya a ƙasar Kazaure da Ɓaɓura

Babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Ɗambatta, ta ratsa Kazaure, ta wuce Daura har iyakar Nijar a Kwangwalam, ita ce jijiyar wannan yanki. Mutumin Roni ko na Gwiwa, in Kano za shi, galibi sai ya gangaro ya hau ta. Ɓaɓura kuwa tana da tata hanyar, wadda ta bi ta Kunya ta nufi Babban Mutum, a bakin iyaka. Duk wanda ya san waɗannan biyun ya san rabin zancen.

Sauran rabin yana can ƙauye, kuma nan wahalar take. Buhun gero ko riɗi ba ya isa kasuwar Dawanau a mota ɗaya. Daga gona amalanken shanu ke kai shi gida. Daga gida, jaki ko ɗan acaɓa ko a-kori-kura ke kai shi kasuwar mako. A nan 'yan dako su loda shi a Kanta ko babbar mota, sannan ya hau kwalta. Kowane sauke da lodi kuɗi ne, ga na 'yan kamasho, ga haraji, ga abin da ake miƙawa a shingayen hanya. Ɗan kasuwa ba ya biyan wannan daga aljihunsa. Ragewa yake a farashin da zai saya wajen manomi, shi ya sa mutum biyu za su noma wake iri ɗaya, na bakin titi ya fi na lungu samun kuɗi. Da damina abin ya fi muni: burji ya jiƙe, rafi ya cika, kwalbati ya karye, direba ya ce ba zai sa motarsa ba. A ƙasar duwatsu irin ta Roni, ruwa na gangarowa da ƙarfi ya zaizaye hanya. Mai naƙuda ma a kan babur ko amalanke ake fitar da ita, kuma wannan ya isa a ce hanyar ƙauye ba ƙaramar magana ba ce.

Fasinja kuma tasha ce tasa. Motoci na bin layi ƙarƙashin ƙungiyar direbobi, ba a tashi sai an cika, sai dai in mutum zai yi shata. Motar bakin hanya ta fi sauƙin kuɗi, amma ta tasha an san direbanta, in kaya ya ɓata akwai wurin kai ƙara. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, lodin wuce kima ya ƙaru, mutum biyu a kujerar gaba, wasu a saman buhuna ranar kasuwa. Rahusar da ake nema a nan ba ta kai rai ba.

Iyaka ma na taɓa kowa. An rufe ta a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris ɗin 2024. A duk lokacin da aka rufe, dabbobi da kaya sai su koma hanyoyin daji a kan babura, tsada ta ƙaru.

Sai maganar jirgin ƙasa. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin, kuma Kazaure na cikin garuruwan da aka ware wa tasha. Jirgi zai kwashe hatsi da shanu da siminti masu yawa a tafiya ɗaya, ya rage wa kwalta nauyin tireloli. Amma a tasha zai tsaya, ba zai shiga Gwiwa ko ƙauyukan Ɓaɓura ba. Hanyoyin da za su kai buhu tashar kuwa aikin jiha ne da ƙananan hukumomi, don haka wurin kansila da ciyaman da ɗan majalisar jiha ya kamata manoma su kai kukansu, tun kafin jirgin ya fara aiki.