Kanwa da Jego: Nazari a Kan Kalmomin Abincin Mai Jego da Matsalar Fassara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda abincin mai jego yake da alaƙa da sinadaran da jikin mace ke samarwa, waɗanda masana kimiyya ke kira homon, tare da nuna illar da kuskuren fassara kalma ɗaya tak zai iya jawowa. Kalmar homon ba tsohuwa ba ce ko a Turanci, domin a shekarar 1905 ne Ernest Starling ya fito da ita daga wata kalmar Girkanci mai nufin zaburarwa. Ke nan rashinta a Hausa ba abin mamaki ba ne. Bahaushe ya daɗe yana bayanin jikin mai jego da ma'aunin zafi da sanyi, shi ya sa ake cewa jikinta ɗanye ne, sai an gasa shi.

2.0 Jikin Mai Jego da Abincinta

Da zarar mabiyiya ta faɗo, sai homon biyu da suka riƙe cikin, wato istirojin da furojestaron, su ragu ƙwarai. Wannan raguwa ce ke ba furolaktin damar kawo ruwan nono. Tsotson jariri kuma yana sa a saki okzitosin, wanda ke tunkuɗo nonon yana kuma matse mahaifa, abin da ke haddasa ciwon marar da mai jego kan ji yayin shayarwa. Yawan shayarwa yakan jinkirta dawowar haila. A taron Bellagio na 1988 masana sun amince cewa macen da ke shayar da nono zalla, haila ba ta dawo mata ba, jaririnta kuma bai kai wata 6 ba, tana da kariya daga ɗaukar ciki da ta kai kashi 98 cikin 100.

Duk wannan aiki da abinci ake yin sa. A nan al'ada ta yi hangen nesa, domin ƙauri da gasasshen naman da ake ba mai jego suna mayar mata da ƙarfen da ta rasa a jinin haihuwa, hutun kwana 40 kuma yana ba ta sararin shayarwa.

3.0 Matsalar Kalmar Kanwa

Inda gizo ke saƙa shi ne kunun kanwa. A Ingilishin Nijeriya ana kiran kanwa fotash, sunan da ke sa mai karatu ya zaci fotasiyam ce. Ba haka abin yake ba. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Cadi akasarinta gishirin sodiyam ce, sodiyam kuwa ruwa yake tarawa a jiki, ya ƙara wa zuciya nauyi. Don haka likitan da ya dogara ga waccan fassara zai yi wa abin da matar ke sha mummunar fahimta.

A 1978 Davidson da Parry suka wallafa bincikensu a kan mata 224 a Zariya da suka kamu da ciwon zuciya a lokacin haihuwa, inda suka alaƙanta ciwon da shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya-bayan nan da Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya rage ƙarfin wannan zargi, ya kuma karkata hankali ga ƙarancin siliniyam. Duk da haka, ba a so mai hawan jini ko mai kumburin ƙafa ta yawaita shan kanwa.

Akwai kuma kalmar sinadari, wadda masu fassara a rediyo suka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinta. Da ita ake kiran homon, da ita ake kiran bitamin, har da aidin ɗin da aka wajabta sa wa a gishirin Nijeriya tun 1993 saboda maƙoƙo. Matar da aka ce da ita sinadarin jikinta ya ragu, ba laifinta ba ne idan ta tambayi inda ake sayar da shi. Ya fi dacewa a ari homon yadda take, a kuma ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, domin kowace uwar gida ta san abin da yawan gishiri ke yi wa mai hawan jini.