Rauta ɗaya, kowa a ciki: lissafin da zai tsare maka shago

Daga Birnin Kudu zuwa Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram, za ka ga shagunan matasa na buga takardu da cike fom a intanet, wasu har suna sayar da waifai awa-awa. Matsalar ita ce sau da yawa rauta ɗaya ke ɗauke da komai: wayoyin kwastomomi, firinta, kyamarar tsaro, da kwamfutar da ke cike da takardun mutane har da lambobin NIN ɗinsu. Duk wanda ka ba kalmar sirri, ka shigar da shi ɗaki ɗaya da su ke nan.

Maganin yana farawa da gane adireshin IP. Kowace na'ura da ta hau rauta sai an ba ta lamba mai gaɓa huɗu, kamar 192.168.1.25. A saitin da aka saba gani, gaɓa ukun farko sunan unguwa ne, ta ƙarshe kuma lambar gida. Wannan shi ake rubutawa /24. Adireshi 256 ne, daga 0 zuwa 255, amma na farko sunan unguwar ne, na ƙarshe kuma na shela ga kowa, saura 254.

Rarraba unguwar nan shi ake kira sabnetin. In ka mayar da /24 zuwa /26, ka samu yanki huɗu masu adireshi 64, kowanne zai ɗauki na'ura 62. Sai ka ba kwamfutocin aiki 0 zuwa 63, kyamarori 64 zuwa 127, kwastomomi 128 zuwa 191, sauran ka ajiye don gaba. Amma fa a kula, rabawar kaɗai ba katanga ba ce. Dole ka saita rauta ta hana yankin kwastomomi leƙa na aiki. In ƙaramar rauta gare ka, kunna waifan baƙi da ke cikin saitinta, kusan aikin da yake yi ke nan.

Wani lokacin kuma faɗaɗawa ake buƙata. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya, kuma tana neman cibiya ta tanadi kwamfuta 250 da ƙarin 25 na ko-ta-kwana. To 275 ai ba za su shiga 254 ba. Sai /23, mai ɗaukar na'ura 510.

Duk inda kwamfutoci suka yi yawa, makaranta ce, banki ne, ko babban asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ana buƙatar mai wannan lissafi, kuma biya ake yi. Koyonsa ba sai ka je Kano ko Dutse ba. Yau ɗin nan buɗe saitin waifai a wayarka, duba adireshin da aka ba ka, ka ware unguwa da lambar gida.