Kuɗin Lafiyar Talaka Yana Cikin Doka, Mu Bi Sawunsa

Mutumin Keffi ba ya rasa abin taƙama in ana zancen asibiti. Muna da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, wadda kowa ke kira FMC, har daga garuruwan maƙwabta ake kawo mata marasa lafiya. Amma ni da na tashi a Yara na san ba daga can lafiyar unguwa take farawa ba. Kafin a kai mutum babban asibiti, an riga an sha jiƙo, an yi kwanaki ana zarya kemis, ana jiran maigida ya samo kuɗi.

Ka tsaya bakin kowane kemis bayan magariba. Mace za ta zo da goyo, jikin yaron zafi rau, ta ce, "Malam, a ba ni na ɗari biyar, in ya so gobe na dawo." Sai mai kemis ya ɗauki almakashi ya yanko mata ƙwaya biyu daga katin maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ƙa'idarsa a sha shi kwana uku cif. Zazzaɓi ya lafa, ba ta dawo ba. Bayan mako biyu sai ka ji an kwantar da yaron ana neman jini. Ba sakaci ba ne, wallahi, rashi ne. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa wajen magani daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita.

Zamanin En'e, hukuma ƙafa da ƙafa take shiga gida. Kakata takan ba mu labarin duba-gari, mai buɗe randa ya leƙa ko akwai tsutsar sauro, ya duba salga da kwata, wanda aka kama da ƙazanta kuma sai tara. Da tsoro aka yi abin, ba na fatan a dawo da wannan. Sai dai sun gane cewa a tsakar gida ake tare cuta.

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi. Wanda ya ɗauki maganar da gaske a nan shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 don gwaji, ya dage kan rigakafi da shayar da nonon uwa da ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa. Abubuwa masu arha, amma Allah kaɗai ya san rayukan da suka ceta. Da ya tafi, aka bar ƙananan hukumomi da nauyin asibitocin sha-ka-tafi ba tare da kuɗin riƙe su ba, da yawa suka koma gini ba magani. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja, nan kusa da mu, cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Dokar Lafiya ta Ƙasa da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta kafa asusu na musamman: aƙalla kashi 1 cikin ɗari na dunƙulallen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, don lafiyar talaka a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara sa shi. Dokar ta ce rabi ya tafi inshora, kashi 45 ya tafi ƙananan asibitoci don magani da kayan aiki da gyara da ma'aikata, kashi 5 kuma agajin gaggawa. Manufar ita ce kowace gunduma ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki, inda mai ciki da ƙaramin yaro da tsoho da gajiyayye da aka yi wa rajista za su samu kulawa ba su biya ba. A 2022 Shugaba Buhari ya ƙara da dokar da ta wajabta inshorar lafiya, kuma Jihar Nasarawa tana da tata hukumar, NASHIA.

Gundumomi goma ne a Keffi, Yara ɗaya ce a ciki. Tsarin ya tanadi kwamitin ci gaban gunduma, mutanen gari da ke sa ido kan yadda ake kashe kuɗin asibitinsu. A ganina nan ne gyaran yake, domin kuɗin da ba mai tambayarsa ba ya isa inda aka aike shi.

Ina roƙon masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyya na mata su sanar da jama'a cewa wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Kai kuma ɗan'uwa, je asibitin gundumarku ka tambaya: yana cikin shirin? Su waye 'yan kwamiti? Yaushe ake rajista? In ka samu amsa, ka kai wa maƙwabcinka.