Amurkawan da Suka Daina Amsa Sunan Kowane Addini

A watan Yulin 2024 aka yi ibadar ƙarshe a cocin First Baptist da ke Mount Vernon, wani ƙaramin gari a kudancin jihar Illinois ta Amurka. Cocin ya haura shekara 150 da kafuwa, amma a ƙarshen zamaninsa tsofaffi 'yan tsiraru ne ke hallara ranar Lahadi. Faston da ya jagoranci ibadar, Ryan Burge, malamin kimiyyar siyasa ne a jami'a, wanda ya shafe shekaru yana nazarin Amurkawan da ke barin addini, har ya wallafa littafi a kansu a 2021. Abin da yake lissafawa a kwamfuta ya iske shi har kan mumbarinsa.

Cocinsa ɗaya ne daga cikin dubbai. Cibiyar bincike ta Lifeway ta ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai an rufe coci-cocin Furotesta kimanin 4,500 a ƙasar, aka buɗe sababbi kimanin 3,000. Wasu gine-ginen sun koma gidajen haya, wasu gidajen abinci. A Pittsburgh akwai tsohon cocin Katolika da ya zama wurin haɗa giya da sayar da ita, a Syracuse ta jihar New York kuma wani ya zama masallaci.

Wannan kuwa ƙasa ce da ke buga kalmar dogaro ga Allah a jikin takardar kuɗinta, wadda aka daɗe ana kallo a matsayin mafi riƙo da addini cikin ƙasashen Yamma masu arziki. A 1972, da aka fara babban binciken zamantakewa na ƙasar, mutum 5 ne kacal cikin 100 suka ce ba su da addini. Har zuwa 1990 adadin bai kai 10 ba. Daga nan ya fara hawa. Cibiyar Pew ta samu kashi 16 cikin 100 a 2007, kashi 23 a 2014, sannan kashi 29 a binciken da ta yi tsakanin 2023 da 2024. A wannan tsakani Kiristoci sun ragu daga kashi 78 zuwa 62. Ita ma cibiyar Gallup, wadda tun 1937 take tambayar mutane ko suna da rajista a coci, masallaci ko wurin ibadar Yahudawa, ta ga adadin ya sauko daga kashi 70 a 1999 zuwa 47 a 2020, karo na farko da ya yi ƙasa da rabi.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya ɗauka cewa duk waɗannan miliyoyin sun musanta samuwar Allah ne. Alƙaluman ba su nuna haka ba. Rahoton da Pew ta fitar a Janairun 2024 ya nuna cewa kashi 17 cikin 100 na marasa addinin ne ke cewa babu Allah. Kashi 20 na cewa ba a iya tabbatarwa. Sauran kashi 63 kuwa, idan aka tambaye su addininsu, amsarsu ita ce ba wani takamaimai. Akasarin rukunin gaba ɗaya sun yarda akwai Allah ko wani iko da ya fi ƙarfin ɗan Adam, wasunsu ma suna addu'a a ɗakunansu. Jama'ar ibada suka bari, tare da limamanta da dokokinta da taronta na mako-mako.

Me ya kore su? Da aka tambaye su, kashi 60 cikin 100 sun ce suna shakkar koyarwar addini da dama, kashi 47 sun ce ba sa son ƙungiyoyin addini, kashi 30 kuma sun ce sun ga abin da bai yi musu daɗi ba a hannun masu addini. Amsoshi biyun na ƙarshe suna da tarihi mai ɗaci a bayansu. A 2002 jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda wasu limaman Katolika suka riƙa lalata da ƙananan yara, shugabanninsu kuma suna rufa musu asiri, suna sauya musu wurin aiki maimakon miƙa su ga hukuma. A 2019 jaridar Houston Chronicle ta tono irin wannan ɓarna a tarayyar Southern Baptist, ɗarikar Furotesta mafi girma a ƙasar. Iyayen da suka damƙa 'ya'yansu amana aka ci amanar, da wuya wa'azi ya dawo da su. Mabiyan Southern Baptist sun kai miliyan 16.3 a 2006, zuwa 2023 sun faɗi ƙasa da miliyan 13. Cocin Katolika kuwa, duk mutum ɗaya da ya shigo masa, fiye da takwas ne suka fita.

Siyasa ma ta taka rawa. Tun da Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979, wani babban ɓangare na Kiristocin bishara ya jingina da jam'iyyar Republican a kan batun zubar da ciki da auren jinsi da makarantu. A 2002 masana zamantakewa biyu, Michael Hout da Claude Fischer, suka nuna cewa masu sassaucin ra'ayi da dama, waɗanda dama ba su cika zuwa coci ba, sun daina kiran kansu masu addini ne saboda sun ga addinin ya sa rigar jam'iyya guda. Shekaru sun gaskata su. A 2007 kashi 62 cikin 100 na masu sassaucin ra'ayi Kiristoci ne, a binciken Pew na 2023 da 2024 kuwa kashi 37 ne. A wajen masu ra'ayin riƙau kuwa saukar kaɗan ce, daga 89 zuwa 82.

Sai dai babban dalilin yana cikin gida, kuma ba ya yin ƙara. Tsofaffi masu zuwa coci suna rasuwa, matasan da ke maye gurbinsu kuma da yawa ba a raine su da ibada ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tashi Lahadinsa ta wasan ƙwallo ce da zuwa kanti, babu abin da zai ji ya bari idan ya girma. A cikin 'yan shekara 74 zuwa sama, kashi 80 cikin 100 Kiristoci ne, kashi 13 marasa addini. A cikin 'yan 18 zuwa 24, Kiristoci kashi 46 ne, marasa addini 43.

Musulmin Amurka, waɗanda kimanin kashi 1 cikin 100 na manya ne, su ma abin bai bar su ba. Binciken Pew na 2017 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka raina a Musulunci sun daina amsa sunan, ko da yake masu shiga addinin sun kusa cike giɓin. Wannan ya shafi duk Bahaushen da ke renon 'ya'ya a New York ko Houston.

Asarar da ta fi damun masu nazari ita ce ta zumunci. A garuruwan Amurka coci ne ke raba abinci ga mabuƙata, shi ke duba mara lafiya a asibiti, shi ke tsaya wa iyalin mamaci. Pew ta gano cewa marasa addini, musamman masu cewa ba wani takamaimai, sun fi ƙarancin kaɗa ƙuri'a da aikin sa kai. Masu musanta samuwar Allah kai tsaye kuwa, waɗanda galibi masu ilimi mai zurfi ne, suna fita zaɓe kamar kowa. Wato mafi yawan waɗanda suka bar coci ba su samu wata jama'ar da ta maye gurbinsa ba. A 2023 babban likitan gwamnatin ƙasar, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi a hukumance cewa kaɗaici ya zama annoba, kuma ya ambaci raguwar halartar wuraren ibada cikin alamun tsinkewar zumunci.

Duk da haka Amurka ba ta zama ƙasar da ta manta da Allah ba. Kashi 83 cikin 100 sun ce sun yi imani da Allah ko wani ruhi mai iko, kashi 44 kuma suna addu'a kullum. Daga 2019 zuwa 2024 yawan Kiristoci ya tsaya tsakanin kashi 60 da 64, alamar cewa zubewar ta lafa, ko da na ɗan lokaci ne. Pew da kanta ta ja kunne cewa bambancin matasa da tsofaffi na nuna saukar za ta iya ci gaba.

A fagen mulki kuwa, har yanzu ba a ga sauyin ba. Majalisar Dokokin da aka rantsar a Janairun 2025 kashi 87 cikin 100 nata Kiristoci ne. 'Yan majalisar da suka bayyana cewa ba sa bin wani addini ba su kai kashi 1 ba, a ƙasar da kusan mutum uku cikin goma ke faɗin haka.