2.4 Tasirin Wahalar Ƙuruciya a kan Ɗabi'a da Lafiyar Baligi

A wannan sashe za a duba yadda abin da yaro ya fuskanta a gida yake bin sa har girma, ya bayyana a cikin ɗabi'unsa da lafiyar jikinsa. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma binciken masana kiwon lafiya ya zo daidai da wannan magana.

Fitaccen bincike a kan wannan batu shi ne wanda likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, suka jagoranta a birnin San Diego na ƙasar Amurka tsakanin 1995 da 1997. An tambayi manya fiye da 17,000 irin rayuwar da suka yi kafin su kai shekara 18, sannan aka gwada amsoshinsu da yanayin lafiyarsu. Rahoton farko da ya fito a 1998 ya kasa wahalar ƙuruciya gida bakwai: duka, da zagi ko wulaƙanci, da lalata da yaro, da ganin ana dukan mahaifiyarsa, da zama gida ɗaya da mashayi, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka taɓa ɗaurewa. Fiye da rabin waɗanda suka amsa sun fuskanci aƙalla ɗaya daga ciki. Waɗanda kuwa suka fuskanci huɗu ko fiye, haɗarin faɗawarsu cikin shan giya, da shan ƙwaya, da ciwon damuwa, da yunƙurin kashe kai ya ninka na waɗanda ba su fuskanci ko ɗaya ba sau 4 zuwa 12. An kuma fi samun ciwon zuciya da na hanta da na huhu a cikinsu.

Masana sun bayyana hanyoyi biyu da hakan ke faruwa. Ta farko ita ce ta jiki. Idan mutum ya tsorata, jikinsa kan saki sinadarin kotizol domin ya shirya wa haɗari. Yaron da yake kwana yana tashi cikin fargaba, wannan shiri ba ya lafawa a jikinsa, wanda a ƙarshe yakan taɓa hawan jini da garkuwar jiki. Ta biyu ita ce ta ɗabi'a. Felitti ya nuna cewa taba da giya da yawan ci sukan ba mai damuwa sauƙi na ɗan lokaci, don haka shi a wurinsa magani ne. Da ya girma ya haɗu da matsin rayuwar zamani, kamar rashin aiki da tsadar abinci, sai ya koma ga abin da ya saba samun sauƙi da shi.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa faɗa da nasiha kaɗai ba sa raba mutum da irin waɗannan ɗabi'u matuƙar damuwar tana nan. Sai dai wahalar ƙuruciya ba ta nufin dole yaro ya lalace, domin samun babba guda mai kula da shi da tausayi yakan rage illar ƙwarai.